"Ƙarfen da" da "gwangwanin yanzu": wace mota ce ke tsare rai?



Kwanakin baya muna zaune a wani gareji kusa da Sabo a nan Ibadan, muna jiran a gama wa abokina gyaran birki, sai wani dattijo tsohon direba ya taso ya sa babban yatsa ya danna gefen wata Corolla. Ƙarfen ya lotsa ya dawo. Ya girgiza kai ya ce, "Ku duba don Allah, gwangwanin madara. Mu da muka tuƙa Fijo mu muka san mota." Aka kwashe da dariya, kowa yana cewa gaskiyar Baba ce.

Ni ma na yi dariyar, domin a cikin Peugeot 504 na koyi tuƙi, kuma har gobe in na gan ta a hanya sai na waiwaya. Amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda ba a gareji take ƙarewa ba. Da ita mutanenmu ke zaɓen motar da za su saya, da ita suke zaɓen wadda za su zuba iyali a ciki su kama hanyar gida, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Legas zuwa Kano. Ra'ayina shi ne, wannan gwajin babban yatsa yana ruɗinmu, kuma ruɗin yana iya cin rai.

Idan muka ce mota tana da ƙarfi, abubuwa huɗu muke cakuɗawa wuri guda. Akwai kaurin ƙarfen waje, wato fatar da ake shafa wa fenti. Akwai ƙarko, wato shekarun da mota za ta yi tana shan wahala ba ta mutu ba. Akwai tsauri, wato yadda gangar jikinta ke ƙin murɗewa idan taya ɗaya ta faɗa rami. Sannan akwai abin da ke samun mutanen ciki ranar da aka yi karo. Tsohuwar mota ta ci na farko, sau da yawa ta ci na biyu. Na uku da na huɗu kuwa, motar zamani ta yi mata nisa.

Mu fara ba Fijo haƙƙinta. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A shekarar 1975 ɗin ne masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, aka yi ta haɗa 504 a can har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da daina yin ta. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, shi ya sa take haɗiye ramuka kamar ba ta gan su ba. Injinta ba shi da wani ɓoyayyen sirri, ko a ƙauye ta tsaya za a sami bakaniken da zai tashe ta. Ƙarfenta mai laushi ne, ana ƙwanƙwasa shi ya miƙe, ana yi masa walda ya kama. Wanda ya ce da tsohuwar zuma ake magani yana da hujja. Sai dai duk wannan yabon ƙarko ne da sauƙin gyara. Tsauri wani abu ne daban.

Ga yadda za ka gane shi. Ɗauki kwalin taliya babu murfi, ka riƙe gefe da gefe ka murɗa, zai bi hannunka. Rufe shi ka liƙe bakin da gam, ka sake murɗawa, za ka ji ya ƙi. Kwalin bai ƙara kauri ba, siffarsa ce ta zama rufaffiya. Haka mota take. Kullum tana tafiya hanya tana murɗa ta, taya ɗaya a rami, ɗaya a tudu. Abin da ke hana ta bin wannan murɗa shi ne yadda aka haɗa ƙasanta da ginshiƙanta da rufinta suka zama akwati guda.

Duk wanda ya daɗe da tsohuwar mota ya ga alamun murɗewa ko bai san sunansu ba. Ka hau da taya ɗaya kan bakin kwata ka tsaya, ka zo buɗe ƙofa ta ƙi, ko ta buɗe ta ƙi rufuwa sai ka buga. Gilashin gaba ya tsage daga kusurwa ba tare da dutse ya same shi ba. Ciki ya cika da ƙiƙi-ƙaƙa a hanya mai gargada. Ka yi alaimen yau, bayan mako biyu sitiyari ya koma ja gefe. Mun saba ɗaukar waɗannan a matsayin tsufa kawai, alhali bodin ne ke motsi a inda bai kamata ya motsa ba.

Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda sifirin da shokazoba aikinsu su riƙe taya a kan kwalta, kuma ba za su iya ba sai wurin da aka ɗaure su ya tsaya cak. Idan bodin yana lanƙwasa, shi ma ya zama wani sifirin da babu shokazobar da ke kwantar da shi. A tafiyar kilomita 40 cikin gari ba za ka ji komai ba. Amma kana kan 110 tsakanin Jebba da Mokwa, rami ya bayyana gabanka ko tirela ta shigo hannunka, ka karkata sitiyari da sauri, a nan ne za ka ji gaban mota ya juya, bayanta yana biyowa a makare. Wannan ɗan jinkirin shi ne tsakanin kaucewa da faɗawa daji.

Akwai gini iri biyu a mota. Na farko shi ne mai chasis daban, dogayen ƙarafa biyu kamar tsani, a ɗora bodi a kai a ɗaure da noti. Haka manyan motoci suke, haka Hilux da Land Cruiser suke har yau. Na biyu shi ne wanda bodin kansa shi ne ƙashin bayan motar, babu wani tsani a ƙasa. Citroën ta yi irin wannan da yawa tun 1934, kuma yau kusan duk ƙananan motoci haka suke. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ita kanta 504 mai ɗaukar mutane irin wannan ginin ne da ita. Abin da ya raba ta da motar yau shi ne irin ƙarfen da yadda aka tsara shi.

A babbar mota ɗan lanƙwasa yana da amfani. Gingimari mai ɗauke da buhunan masara a hanyar ƙauye, in chasis ɗinta bai ba da kai kaɗan ba, taya za ta rataye a sama ko ƙarfen ya tsage. Injiniyoyi sun san da haka, da gangan suka bar mata wannan sassaucin, da lissafi. A ƙaramar mota mai gudu ɗauke da mutane kuwa, ana son ɗakin zama ya tsaya ƙyam, a bar wa sifirin aikin lanƙwasa.

To yaya aka yi fatar ta yi siriri amma motar ta fi tsauri? Saboda fatar ba ita ke ɗaukar nauyi ba. Abin da Baba ya danna da yatsa riga ce kawai. Ƙashin yana ciki: ginshiƙan da ke gefen gilashin gaba, ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, dokin ƙofa na ƙasa, ƙarafan da suka gitta ƙarƙashin kujeru da cikin rufi, da sandunan da aka ɓoye cikin ƙofofi. A motocin zamani da yawa ana yin waɗannan da wani ƙarfe mai haɗin sinadarin boron, wanda ake matsawa da zafi a sanyaya shi nan take cikin injin matsi. Ƙarfinsa ya kai kusan ninki biyar na ƙarfen da aka saba yin bodi da shi a da. Har gilashin gaba ma yanzu da gam mai ƙarfi ake manne shi ya zama ɓangaren ginin, ba kamar da ba da ake zaunar da shi cikin roba. Kuma masu cewa motar yanzu ba ta da nauyi su hau sikeli: 504 tana wajen kilo 1,200, Camry ta yau tana wajen 1,500. An ɗebe ƙarfe daga inda ido ke gani, an kai shi inda rai ke buƙata.

Yanzu mu zo kan babbar hujjar masoya tsohuwar mota. Za su ce, "An yi karo, Marsandi ko gezau, sabuwar kuwa gabanta ya markaɗe." Haka ne, gaban ya markaɗe, kuma don ya markaɗe aka yi shi. Je Mile 12 ka kalli masu sauke kankana daga mota. Wanda ke cafewa ba ya sandare hannu, yana bin kankanar da hannunsa baya kaɗan kafin ya tsayar da ita. In ya sandare, ko kankana ta fashe ko yatsa ya goce. Mota mai gudu tana ɗauke da ƙarfin da dole ya tafi wani wuri idan ta tsaya farat ɗaya. In gabanta ya naɗe a hankali tsawon rabin mita, bugun da zai iso ga mutum ya ragu ƙwarai. In gaban ya ƙi naɗewa, ko ya tura inji da sitiyari cikin ɗaki, jikin mutum ne zai biya. Kuma wannan ƙarfi ba ya ƙaruwa daidai da gudu: in ka ninka gudu sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wani injiniyan kamfanin Mercedes mai suna Béla Barényi ya yi rajistarta a farkon shekarun 1950, aka fara sa ta a motar kasuwa a 1959: gaba da baya masu naɗewa, tsakiya mai tsauri. A shekarar ce kuma Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya kawo bel mai ratsa ƙirji da ƙugu da muke ɗaurawa yau. Ashe ita kanta Marsandin da muke kafa hujja da ita, masu yin ta ne suka fara cewa gaba ya lotsa don mutum ya tsira.

Gani ya kori ji. A 2009 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka, IIHS, ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, kowacce tana gudun kilomita 64 a awa. Bel Air irin motar nan ce da za ka ƙwanƙwasa ka ji kamar tankar yaƙi. Da suka haɗu, ɗakin direbanta ya rufta, gilashi ya tashi, sitiyari ya yi kan mutum-mutumin da aka zaunar. Ita Malibu gabanta ya tafi, amma ɗakin zama ya tsaya yadda yake. A Turai ma hukumar Euro NCAP, wadda ta fara gwaje-gwajenta a 1997, ta yi irin haka a 2017 da Rover 100 da Honda Jazz, kuma tazarar shekara 20 kacal ta nuna bambanci mai ban tsoro. Bidiyon duka suna intanet, kowa ya nema ya kalla da idonsa.

Kada a ɗauka ina cewa duk sabuwar mota lafiya ce. A 2017 ƙungiyar Global NCAP ta fara gwada motocin da ake sayarwa sababbi a Afirka ta Kudu, kuma wasu sun fito babu tauraro ko ɗaya. A 2018 Nissan NP300 Hardbody, a-kori-kura mai chasis, wadda ko sunanta yana nufin mai taurin jiki, ta sami sifili wajen kare manya. A 2020 suka haɗa sabuwarta da wata Navara ta hannu ta 2015 da aka yi wa kasuwar Turai, ta hannun ta fi ta tsare direba nesa ba kusa ba. Darasin shi ne shekarar da aka ƙera mota ba ta isa shaida ba, sai an duba shekarar da aka tsara ta da kasuwar da aka yi ta dominta. Chasis mai kauri a ƙasa kuma ba ya nufin ɗakin da ke samansa zai tsaya.

Amma abin da ya fi damuna ba Fijo ba ce, domin ta kusa ƙarewa a hanya. Abin da ya fi damuna shi ne motar zamani da aka karya wa ƙashi aka rufe da fenti. Yawancinmu tokumbo muke saya, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin masu saukowa a tashoshin jiragen ruwan Legas motocin haɗari ne da aka yi gwanjonsu a Amurka. Wasu bamba ce da fitila kawai, babu laifi. Wasu kuwa ginshiƙi ya lanƙwashe, ko dogon ƙarfen da ke riƙe inji ya naɗe. Sai a kai gareji, a sa wuta a gasa, a ɗaura sarƙa a ja, a cike da fila, a fesa fenti. Akwai ma waɗanda ake yanka biyu, a ɗauko gaban wata a haɗa da bayan wata.

A nan ne hikimar da ta yi wa Fijo aiki take zama haɗari. Ƙarfen da, in ka gasa ka miƙe, bai yi asarar komai sosai ba. Ƙarfen ginshiƙin motar yau kuwa ƙarfinsa daga yadda aka sarrafa shi da zafi ya samo, in ka sake sa masa wuta ka kashe wannan ƙarfin, ya koma ƙarfe na banza ko ya yi gautsi. Shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa irin wannan ɓangaren ba a miƙe shi, canza shi ake yi gaba ɗaya. Gaban da ya taɓa naɗewa aka ja shi kuma ya riga ya yi aikinsa sau ɗaya, ba zai sake yin sa yadda aka tsara ba.

Na ga wannan a gidanmu. Wani ƙanena ya sayi mota mai sheƙi, farashinta ƙasa da na kasuwa, muna ta yi masa murna. Wata uku tana cin tayar gaba ta gefe guda, an yi alaimen ya fi a ƙirga. Ranar da aka ɗaga kafet, sai ga layin walda ya ratsa ƙasan motar daga wannan ƙofa zuwa waccan. Mota biyu ce aka ɗinke. Da ita ya kai matarsa da 'ya'yansa uku gida ya dawo. Ya sayar da ita a matsayin kayan gyara, ya yi asara mai yawa, kuma har yau ina ganin ya ci riba. Araha ba ta ado.

Sai tsatsa. Mu da ke zaune a Legas da Fatakwal da sauran garuruwan bakin teku, iskar gishiri da ruwan da ke kwanciya a titi lokacin damina suna cin mota daga ƙasa. Dokin ƙofa da tsatsa ta cinye daga ciki kamar kwalin nan ne da aka ɓalle wa murfi, a waje lafiya, a ciki babu komai.

Mu ma da hannunmu muna ƙarawa. Motar mutum biyar a zuba takwas, a cika but ya ƙi rufuwa a ɗaure da igiya, a ɗora buhuna a rufi. Wani ya ƙara kujera a can baya inda kaya ke zama. Wannan wurin shi ne aka tsara ya naɗe in an buge ka ta baya, kai kuma ka zaunar da yara a ciki. Sannan bel: ɗaki mai tsauri ba ya amfanar wanda bai ɗaure ba, domin motar za ta tsaya, shi ya ci gaba da tafiya har ya haɗu da gilashi. Na baya da bai ɗaura ba kan na gaba zai faɗa. Bel ba don jami'an kiyaye haɗurra ake ɗaura shi ba.

Ga abin da nake ba da shawara ga mai shirin sayen mota. Ka je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, kuma da rana. Ka duba tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bodi, ta dama da ta hagu su zo daidai. Ka cire robar bakin ƙofa ka duba: waldar kamfani ɗigo-ɗigo ce a jere, zagaye kuma daidai, ta gareji kuwa doguwa ce mai kumburi. Ka ɗaga kafet, ka ɗaga tayar safiya ka duba ƙasan but. Ka bi jikin da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe akwai fila mai kauri. A hau rami a duba ƙasa da tocila. Ka sa wani ya tuƙa ka bi shi a baya, in tana tafiya a karkace kamar kaguwa, ka haƙura. In ka kunna makulli fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, in ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala. Sannan ka ɗauki lambar motar mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ka bincika a intanet, sau da yawa har hotunan ranar gwanjonta za ka gani.

Ga 'yan uwanmu dillalai da masu gyaran bodi, sana'arku ce, ba mai hana ku cin abinci. Amma motar da aka taɓa wa ƙashi a faɗa wa mai saye, ya saya da saninsa a farashinta. Aikin da ka san ba zai riƙe ba, ka ce ba zai riƙe ba. Wanda zai shiga motar nan wataƙila maƙwabcinka ne.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma na san abin da ke sa dattawanmu kewar Fijo: lokacin da ma'aikaci ke iya sayen sabuwar mota fil daga Kaduna. Wannan kewar gaskiya ce, ni ma ina da ita. Amma ranar da abu ya faru a hanya, tambayar da za a yi ita ce mutum nawa suka buɗe ƙofa suka fito da ƙafarsu. Bamba da bonet ana samunsu a Ladipo.

Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan mota, ko bakaniken da ke da wata alamar da ban ambata ba, ya ƙara mana a ƙasa don wasu su amfana. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.